Zan kai Hajiya da maiɗakina tsibirin Lamu, Maulidi da bakin teku: me ya kamata in sani?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, kace kana so ka ɗauki maiɗakinka da Hajiya mahaifiyarka kuje Lamu ta ƙasar Kenya, kaji labarin Maulidin da ake yi a can kuma kaga hotunan bakin teku sun burge ka, kana tambaya ko wuri ne da ya dace da iyali musulmi, yaushe ake zuwa, ta ina ake bi, sannan ya batun tsaro. Toh na daɗe ina zirga-zirga a gaɓar tekun nan ta Suwahili, na shiga Lamu a tsakiyar Maulidi, na kuma shige ta lokacin da garin yayi tsit ba ka jin komai sai kukan jaki da kiran sallah, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Abu na farko, tafiya biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma sai ka zaɓi wacce ce a gaba. Maulidi da watan musulunci yake tafiya, teku kuwa da iska take tafiya. Mutanen can suna da iska biyu da suka raba musu shekara, akwai kaskazi da ke kaɗowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, lokacin ne teku ke lafawa ruwa yayi garau har kana hango ƙasa, amma fa da zafi, sannan akwai kusi da ke zuwa daga kudu wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin akwai sanyi-sanyi mai daɗi amma teku na da ƙarfi kuma ruwan kan yi duhu. Damina mai ƙarfi Afrilu zuwa Yuni ce, kar ma ka sa ta a lissafi. A 'yan shekarun nan Rabi'ul Awwal yana faɗowa ne wajen Agusta zuwa Satumba, kaga kenan cikin kusi. Ba wai ba za'a iya zuwa bakin teku ba, za'a je, a taka rairayi a sha iska, amma wannan shuɗin ruwan da ka gani a hoto yawanci na kaskazi ne. Tunda da Hajiya za'a tafi ni shawarata Maulidin ku sa a gaba, ku iso kwana biyu kafin a shiga hidima sosai, sannan ku ƙara kwana biyu ko uku bayan an watse ku koma ƙauyen Shela, inda rairayin bakin teku yake, ku huta. Ƙasa da kwana biyar asarar kuɗin jirgi ce wallahi.

Bari in ɗan tsaya akan Maulidin, don in baka san tushensa ba za ka je ka ga taro ne kawai ka dawo. Akwai wani bawan Allah da ake kira Habib Swaleh, cikakken sunansa Salih bin Alawi Jamalul Lail, sharifi ne asalinsu Hadramaut ta Yaman amma a tsibiran Komoros aka haife shi, ya zo Lamu yana saurayi, ya zauna, ya rasu a 1935. Lamu ta wancan lokaci gari ne na masu asali, su ake kira waungwana, su ke da gidajen dutse, su ke da masallatai da ilimi, bayi da 'ya'yan bayi da masu hawa bishiyar kwakwa da ake kira wagema suna can gefen gari a bukkoki. Shi kuma sai ya koma cikin waɗannan talakawan ya kafa makaranta da masallaci a ƙarshen ƙarni na 19, shine Riyadha, ya ɗauko sunan da tsarin daga Riyad ɗin Habib Ali al-Habshi na garin Sai'un a Hadramaut, har littafin maulidin da ake karantawa, Simɗud Durar, na shi al-Habshin ne. Ya shigo da yabon Annabi da bandiri cikin masallaci, su matwari suke ce masa, manyan gari suka ƙi abin da farko, amma a hankali taron nasa ya rinjayi na kowa. Kuma mutum ne mai sanin maganin gargajiya, mutane na zuwa wajensa neman magani kamar yadda suke zuwa neman karatu. Ni abin da ke taɓa min zuciya a labarinsa kenan, baƙo ne ya zo ya buɗe wa waɗanda aka rufe wa ƙofa, kuma yau sunansa ne ya kai Lamu ko'ina. Almajiran Riyadha sun bazu a duk gabashin Afirka, har yanzu ana karatu a wurin, kuma akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da aka adana, in ka nemi izini da ladabi ta hannun wani ɗan gari za ka iya samun wanda zai yi maka bayani.

Ana yin maulidai a unguwanni tun farkon wata, amma babban a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal ake yinsa, ba ranar 12 ba kamar yadda muka saba a gida, wannan ka riƙe shi da kyau kafin ka yanki tikiti don na san waɗanda suka iso ranar 11 ga wata suka tarar ba'a ma fara cika ba. Daren da yafi kowanne shine na Alhamis ɗin ƙarshe, filin gaban Riyadha ya cika maƙil da fararen riguna, mata a nasu ɓangaren, turaren wuta na tashi ana yayyafa ruwan wardi, washegari Juma'a da yamma ayi jerin gwano da suke kira zefe zuwa kabarin Habib Swaleh ana ƙasidu. Mutane na zuwa daga Mombasa, Zanzibar, Tanzaniya, Yuganda, Somaliya, Komoros har da Yaman. Da rana kuma akwai musabaƙar Alƙur'ani, tseren jakai, tseren kwalekwale, gasar ninƙaya, gasar lalle ta mata, da wata rawar dattawa da ake kira goma, su jeru cikin fararen kaya kowa riƙe da sanda suna motsi a hankali cikin natsuwa. Hajiya in ta saba da Ishiriniya da Burda ba za ta ji baƙunta ba sam, muryar ce ta bambanta. In kuma a gidanku akwai wanda baya ra'ayin Maulidi, ai a can ma akwai masu wannan fahimtar, ba sai anyi jayayya ba, sai ku zaɓi Janairu ko Fabrairu ku je ku more tekun da tarihin garin.

Masauki a makon Maulidi shine babbar matsala. Garin ƙarami ne, gidajen baƙi kan cika tun da wuri, wasu har a masallatai da gidajen 'yan uwa suke kwana. Ka kama ɗaki tun wata biyu ko uku kafin lokaci. Kuma dan Allah ka tambayi bene na nawa ne ɗakin, don gidajen Lamu dogaye ne masu hawa biyu uku, matakalarsu a tsaye take kuma ƙunci, babu na'urar hawa, dattijuwa mai ciwon gwiwa zata wahala ƙwarai. Ka nema mata ɗakin ƙasa, kusa da bakin ruwa, kar a kai ku can saman tudu.

Yanzu hanya. Daga Legas akwai Kenya Airways kai tsaye zuwa Nairobi, wajen awa biyar, daga Kano ko Abuja kuma Ethiopian ta Addis Ababa, ita tana sauka Nairobi tana kuma sauka Mombasa. Daga Nairobi sai ƙaramin jirgi, Jambojet na tashi daga babban filin Jomo Kenyatta, su Safarilink da Skyward kuma daga filin Wilson, in jirginka na Wilson ne ka bar tazarar awanni masu yawa tsakani saboda cunkoson Nairobi ba wasa bane. Ƙananan jiragen nan wasu kilo 15 kawai suke yarda da shi, ka gaya wa maiɗakinka tun a gida kar a cika akwati. Jirgi ba a Lamu yake sauka ba, a tsibirin Manda da ke kallonta yake sauka, ku fito ku ɗan taka zuwa bakin ruwa ku shiga kwalekwale mai inji, minti goma kun tsallaka, kuma ganin garin daga kan ruwa a wannan tsallakawar, fararen gidaje da rufin ganyen kwakwa, yana cikin abin da ba ka mantawa. Ka sa masaukinku su turo wanda zai tare ku, zai rage muku hayaniyar 'yan dako. Takardu kuma, katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kowa da nasa. Kenya ta soke biza a Janairun 2024 ta koma izinin shiga na intanet da ake kira eTA, a 2025 kuma ta sanar da ɗauke wa yawancin 'yan Afirka shi, duk da haka ka tabbatar da kamfanin jirgi kafin ranar tafiya, kuma ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a buge a takarda don ana tambaya.

Batun tsaro ba zan ɓoye maka komai ba. Gundumar Lamu ta yi iyaka da Somaliya, kuma 'yan Al-Shabab sun sha kai hari a ɓangaren tudu na gundumar, na Mpeketoni a Yunin 2014 an kashe mutane da yawa, an kai wa sansanin soja na Manda Bay (a tudu yake, ba a tsibirin Manda ba) hari a Janairun 2020, akwai kuma dajin Boni da suke ɓuya a ciki. A 2011 an sace Turawa a gaɓar yankin, abin da ya durƙusar da harkar baƙi na shekaru. Amma ka bambance gundumar da tsibirin. Tsibirin kansa zaman lafiya ake, mutane na yawo har dare, yara na wasa a lungu. Inda hatsarin yake shine hanyar mota, daga Mombasa ta Malindi, Garsen, Witu zuwa Mokowe inda ake hawa kwalekwale, kusan kilomita 340, an gyara titin kuma motoci na bi kullum, amma da uwa da mata ni ban yarda ka bi ta ba don a rage kuɗi. Ku hau jirgi.

In kun shiga gari abin da zai fara baka mamaki babu motoci. Lungunan sun yi ƙunci, wani in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, jakai ne ke ɗaukar komai, yashi, siminti, buhun shinkafa, har mutane, akwai ma asibitin jakai a bakin ruwa tun 1987. Babura sun shigo a shekarun baya-bayan nan kuma 'yan gari da yawa basa jin daɗin hakan. In kaji ana maka magana daga baya ka raɓe jikin bango jaki ya wuce, kuma a sa takalmi mai rufi ko silifas mai kauri saboda kashin jaki da kwatoci a buɗe suke. Na faɗa maka wannan ne don kar maiɗakinka ta zaci irin Dubai za'a kai ta. Tsohon gari ne da mutane ke rayuwa a cikinsa sama da shekara 700 ba tare da an taɓa tashi ba, shi yasa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Ginin nasu sai ka natsu zaka gane hikimarsa. Da dutsen murjani na teku da farar ƙasa suke gini, rufin kuma da sandunan wata bishiya da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, mikoko, kuma tunda sandar tsawonta ƙayyadadde ne shi yasa ɗakunan suke dogaye amma marasa faɗi. Waɗannan sandunan, boriti, su aka daɗe ana lodawa a jirage ana kaiwa ƙasashen Larabawa, da hauren giwa, da kuma bayi, wannan ɓangaren tarihin ma gaskiya ne, kuma arzikin garin ya fara ja da baya ne bayan an haramta bauta a 1907 ciniki kuma ya koma Mombasa. A ƙofar gida akwai wani wuri da ake kira daka, da dakali hagu da dama, nan maigida ke ganawa da baƙo namiji ba sai ya shiga ciki ba, kai da ka tashi a gidan zaure ba sai an maka bayani ba. Daga waje gidan bango ne kawai da ƙofar katako mai sassaƙa, duk kwalliyar a ciki take, ɗaki bayan ɗaki, kowanne ya fi na gabansa sirri, bangon ciki cike da ƙananan ramuka na ado da ake kira zidaka. Wasu gidajen an haɗa su da gada ta saman lungu, wikio, don mata su ziyarci juna ba tare da sun sauko titi ba. Ku je gidan da aka mayar gidan tarihi na Swahili House ku ga wannan da idonku, mata sun fi jin daɗinsa.

Sai babban gidan tarihi na bakin ruwa, a nan akwai siwa guda biyu, wasu manyan ƙahonin sarauta da ake busawa ta gefe, ɗaya na hauren giwa daga tsibirin Pate ɗaya na tagulla na Lamu, matsayinsu a wajensu kamar kakaki a fadar sarki. Ganuwar tsakiyar gari kuma, wato babban ginin tsaron garin, an gina ta tsakanin 1813 da 1821 da taimakon Omanawa, bayan yaƙin Shela inda mutanen Lamu suka fatattaki rundunar Pate da ta Mazrui, dangin da ke mulkin Mombasa, daga baya ta zama gidan yari tun 1910 har 1984. Filin gabanta, Mkunguni, nan dattawa ke zama ƙarƙashin bishiya, kasuwa na gefe. Akwai ma tsohon gidan waya na Jamusawa na 1888, in lokaci ya ƙure ku bar shi.

Sallah. Masallatai sun haura 20 a ɗan garin nan, ba za ka yi tafiyar minti uku ba ka ga wani ba, mafi tsufa a cikinsu masallacin Pwani ana danganta shi da ƙarni na 14, wato zamanin da Wangarawa suka iso Kano lokacin Sarki Yaji. Amma abu biyu ka sani. Na ɗaya alƙibla a can arewa take, Makka kusan saitin saman Lamu take a taswira, har a harshensu kibla na nufin arewa, don haka ku gaya wa Hajiya kar ta duba mafitar rana ta shimfiɗa darduma, a tambayi masu masauki. Na biyu Shafi'awa ne, za kaji liman na bayyana bisimilla, ana ƙunutun Asuba bayan ruku'u a bayyane da ɗaga hannu, ana sallama biyu, ka bi limaminka kawai. Ba kowane masallaci ke da wurin mata ba, a tambaya tukuna. Sutura kuma ba ku da matsala, maza kanzu da hula, mata baƙar buibui, hijabin gida ya wadatar, kuma in ka sa babbar riga ranar Juma'a za ka sha gaisuwa. Hular tasu ma, kofia, ɗinkin hannu ce mai ƙananan huji, wata ana wata da watanni ana yinta, tsada gare ta in ta hannu ce ta gaske, ka duba bayan ɗinkin kamar yadda zaka duba zanna bukar, don ta inji ta cika kasuwa.

Harshe zai zo maka da sauƙi fiye da yadda kake zato saboda Larabcin da muka ara tare, asubuhi asuba, habari labari, sabuni sabulu, Alhamisi, Ijumaa, dunia, sukari. Sallama ta isa ko'ina. Dattijo ana ce masa shikamoo ya amsa marahaba, bakin ƙofa ana cewa hodi a amsa karibu. Amma agogonsu ka kula da shi sosai. A lissafin Suwahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa, saa moja wato ƙarfe ɗaya shine bakwai na safe, saa mbili takwas, tazarar awa shida kenan. Na taɓa yin alƙawari da wani mai kwalekwale akan ƙarfe biyu, ni ina nufin bayan Azahar shi kuma tun takwas na safe yake jirana, kafin mu haɗu ruwa ya janye tafiyar ranar ta lalace. Duk alƙawarin da zaka yi ka haɗa shi da sallah, kace bayan Asuba ko bayan La'asar, shikenan. Kuma suna gaban Najeriya da awa biyu.

Toh bakin teku. A cikin tsohon garin babu wurin wanka, tashar jirage ce. Rairayin yana Shela, ƙauye ne kamar kilomita 3 daga gari, a ƙafa minti arba'in ta bakin ruwa, a kwalekwale minti goma sha. Daga ƙarshen ƙauyen rairayi ya miƙe kilomita 12 babu gini, bayansa tuddan yashi manya, kuma ƙarƙashin tuddan nan ruwan shan tsibirin yake taruwa shi yasa ake hana gini a kai. Masallacin Juma'a na Shela na 1829 da hasumiyarsa mai tsini yana nan kusa. Gaskiyar da zan gaya maka, Shela nan Turawa masu kuɗi suka sayi gidaje, a farkon rairayin kusa da otal-otal za ku ga masu kayan wanka irin nasu, akwai kuma inda ake sayar da giya. Maganin abin sammako, ku fita bayan sallar Asuba ku taka minti goma sha biyar gaba, za ku samu wuri ku kaɗai, maiɗakinka ta shiga ruwa da doguwar riga mara nauyi kamar yadda matan garin ke yi, Hajiya ta zauna a baki ruwa na taɓa mata ƙafa. Kar kuyi nisa sosai har ku ɓace wa mutane, kuma kar a tafi da waya mai tsada da kuɗi, in kuna so ayi nisa ku ɗauki ɗan rakiya daga masauki.

Wannan kuma da babbar murya nake faɗa, in baku iya ruwa ba kar wanda ya wuce gwiwa. Teku ba kogi bace ba kuma dam bace, sau biyu take cika ta janye a yini, kuma a mashigin da ke tsakanin Shela da Manda ruwa na ja da ƙarfi lokacin da yake fita, ba masu ceto a tsaye. Duk kwalekwalen da za ku hau ka ce a baku rigar ceto kafin a tashi, in babu ku sauka, kar kaji kunya, kuma kar ku shiga wanda aka cika shi fiye da kima musamman a makon Maulidi da kowa ke sauri.

Yawon da nafi so a kai Hajiya shine Takwa a tsibirin Manda. Kangon wani gari ne da ya rayu wajen ƙarni na 15 zuwa na 17 sannan aka tashi, ana cewa ruwan rijiyoyinsu ne ya koma gishiri suka ƙaura Shela, masallacin na nan da mihrabinsa da wani dogon ginshiƙi a samansa, ga kukoki manya sun kewaye wurin. Sai ruwa ya cika ake shiga don ta wani siririn mashigi cikin mikoko ake bi, mai jirgi shi zai faɗa muku lokaci. Tsayuwa a masallacin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana sallah yanzu ba kowa sai tsuntsaye, wa'azi ne da ba mai magana. In kai mai son tarihi ne sosai akwai tsibirin Pate, can ne kangon Shanga yake inda masu tonon tarihi suka samu masallatai an gina wani kan wani, na ƙasan ana kai shi ƙarshen ƙarni na 8, yana cikin mafi daɗewar shaidar musulunci a gabashin Afirka, ga kuma ganuwar Siyu. Amma tafiyar yini ce mai wahala, kai kaɗai zaka je ka bar su su huta. Matondoni kuma ƙauyen masu sassaƙa jiragen ruwa ne da hannu. Da yamma ku ɗauki jirgin iska mai ƙyalle, wanda ba inji, a zaga da ku mashigi har faɗuwar rana, ku yi ciniki tun a ƙasa, ku kaɗai ko da wasu, awa nawa, da abinci ko babu, kuma ka ce ba kwa son kiɗa in ba kwa so.

Abinci duk halal ne a cikin gari, wannan hankalinka kwance. Shinkafa da madarar kwakwa, wali wa nazi, da gasasshen kifi da aka shafe da miyar kwakwa, samaki wa kupaka, shine abincin da zan ce kar ku dawo baku ci ba. Akwai pilau da biriyani, da safe mahamri, kamar fanke ne mai kusurwa uku da ƙamshin kayan yaji, ana ci da wake cikin kwakwa. Da yamma gahawa mai ɗaci a ƙaramin kofi da halua. Akwai lemon tsamiya, ukwaju, da alewar 'ya'yan kuka da aka rina ja, mabuyu, Hajiya zata gane su nan take. Barkono basa sawa sosai, ku tafi da yajinku, in kuma Hajiya bata saba da kwakwa a abinci ba a tafi mata da garin kunu ko ɗan abin da cikinta ya sani. Kaguwa da jatan lande a fara da kaɗan. Ruwan gora za ku sha, a kwana cikin gidan sauro don akwai zazzaɓin cizon sauro, magungunan Hajiya na hawan jini ko suga a taho da isassu har da ƙari a jakar hannu. Akwai asibitin gwamnati na King Fahd a tsibirin, amma babban lamari sai Mombasa ko Nairobi.

Kuɗi, shilin ɗin Kenya ake kashewa, ka taho da dala sababbi ka canza a Nairobi, kar ka dogara da katin naira. Ka sayi layin Safaricom da fasfo ɗinka a filin jirgi a buɗe maka M-Pesa, da shi ake biyan kusan komai har mai kwalekwale, amma ka riƙe canji a aljihu saboda 'yan dako da sadaka. Jirgi ne zai cinye mafi yawan kuɗinka, masauki a tsohon gari yafi na Shela sauƙi nesa ba kusa ba, abinci a gidajen cin abinci na 'yan gari kuma ba tsada. Masu cewa za su zaga da kai za su tare ka tun daga bakin ruwa, ka zaɓi ɗaya mai katin shaida ta hannun masaukinku ka tsaya a kansa, sauran kace la, asante cikin fara'a. Hoto kuma kar a ɗauki mace ko dattijo sai an tambaya, a wajen Maulidi ma ka rage ɗaga waya, ka zauna cikin sahu ayi salati da kai.

In kun tsayar da Maulidin, ka duba kalandar musulunci ka gano Alhamis ɗin ƙarshe ta Rabi'ul Awwal, ka ƙirga baya kwana uku ka sa ranar isowarku, sannan ka kira masaukin su tabbatar maka da ranar da Riyadha ta sanar kafin ka biya kuɗin jirgi, don ganin wata kan motsa ta. Ka gaida min Hajiya da kyau, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, in kun isa Riyadha a sa mu a addu'a.